Tambaya kan Casablanca: yaya aka yi hoton yake magana tun kafin 'yan wasa su buɗe baki?

Ɗan Kyamara, Kano

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne, da bidiyon biki na fara, yanzu ina riƙe kyamara a fina-finai masu dogon zango da ake sawa a YouTube. Tambayata a kan Casablanca ce, fim ɗin nan baƙi-da-fari na 1942 wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayin Rick, Ingrid Bergman kuma a matsayin Ilsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yawancin fim ɗin a gida ɗaya ake yinsa, gidan shaƙatawar Rick da ke garin Kasabalanka a Maroko. Mutane ne zaune a tebura suna magana. Fim ne na zamanin yaƙi, amma ba a kai mu fagen daga ba. Duk da haka ko ka kashe sauti, za ka gane wa yake son wa, wa yake tsoron wa, wa yake ɓoye magana a ciki. Mu kuwa in za mu ɗauki mutum uku a falo, jera su muke yi a doguwar kujera, mu dasa kyamara a gabansu, mu bi kowa mu ɗauki fuskarsa, edita ya je ya haɗa. Magana tana fita sarai, hoton kuwa bai ce komai ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda Ilsa ta fara shigowa da mijinta Laszlo, har zuwa lokacin da Rick ya gan ta. Ko yatsan juna ba su taɓa ba, amma ka san akwai tsohon miki tsakaninsu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, tunda a fina-finanmu namiji da mace ba sa taɓa juna, dole hoto ya ɗauki nauyin soyayyar.

To me aka yi a wurin? Aikin darakta ne, ko na mai kyamara, ko kuwa 'yan wasan ne kawai Allah ya ba su baiwa? Masana ku taimaka.

Tsohon Majigi, Kaduna

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aikin kyamara a gidan talabijin har na yi ritaya, kuma wannan fim yana cikin waɗanda nake nuna wa yaran da suke zuwa koyon aiki wurina. Amsar a taƙaice: kafin a kunna kyamara, an riga an yanke shawarar inda kowa zai tsaya, wa zai zauna, wa zai miƙe, da gefen da haske zai faɗo masa. Wannan shawara ita ce fim ɗin. Darakta Michael Curtiz ne, mutumin Hungary, an haife shi a Budapest, ya yi fina-finai a Turai tun zamanin da fim ba ya magana, sannan kamfanin Warner ya ɗauko shi zuwa Amurka a 1926. Wanda ya tashi cikin fim marar sauti ya saba ba da labari da ido, don ba shi da wata hanya. Mai kyamararsa Arthur Edeson ne, wanda ya ɗauki Frankenstein a 1931 da The Maltese Falcon a 1941, wato mutum ne da ya san aikin duhu da inuwa.

Ka fara da yadda aka gabatar da Rick. An daɗe ana ambaton sunansa, kyamara tana zagaya tebura, wannan tana sayar da lu'ulu'u, wancan yana neman hanyar fita zuwa Lisbon, shi ba a nuna shi ba. Da aka zo kansa, hannunsa aka fara nunawa yana sa hannu a takarda, sai kofi da toka a faranti, sai allon darar Turawa da yake bugawa shi kaɗai ba abokin wasa. Bayan nan ne kyamara ta ɗaga ta bi sigari zuwa fuskarsa. Kamar fitowar sarki ne, ka ji tambari, ka ga dogarai, kafin ka ga mai rawani. Ba a ce maka komai ba, amma ka riga ka san mutumin nan shi ke da iko a gidan, kuma ya killace kansa.

Yanzu fitowar da ka tambaya. Ilsa ta shigo cikin fararen kaya tana gefen Laszlo. Ba Rick ya fara ganinta ba, Sam ne, mawaƙin gidan kuma tsohon abokin Rick, yana zaune a fiyano. Sun gifta ta kusa da shi, ya ɗago ya gan ta, ya sunkuyar da kai. Mai kallo bai san tarihin ba tukuna, amma fuskar Sam ta gaya masa cewa masifa ta shigo. Ka riƙe wannan: in kana so a ji nauyin haɗuwar mutum biyu, ka samo na uku wanda ya san sirrinsu, ka nuna fuskarsa da farko.

Sai aka zaunar da ita a tebur, maza suna ta zuwa suna tafiya a kanta. Mai zoben da ke ɗauke da alamar 'yan gwagwarmayar Faransa ya zo, Renault shugaban 'yan sanda ya zo, Manjo Strasser na Jamus ya zo, Laszlo ya miƙe tsaye suka yi ido da ido. Ita ba ta motsa daga kujerarta ba. Duk abin da ke motsi a hoton namiji ne da siyasarsa, abu ɗaya da ya tsaya cak ita ce, don haka idonka wurinta yake komawa. Da teburin ya watse, ta sa aka kira Sam. Fiyanon yana da tayoyi, shi ya turo shi har gabanta. Wannan ƙaramin abu ne mai girman amfani, domin an kawo waƙar inda take, ba a tashe ta ba.

Da Sam ya fara waƙar, sai kyamara ta matsa kan fuskarta ta zauna, ta daɗe, ba a yanke ba. Ba ta kuka, ba ta magana, idonta kawai yake ƙyalli tana kallon wani wuri da ba ya cikin ɗakin. Yaran yanzu hannunsu ba ya haƙurin wannan, daƙiƙa uku sun yanke. Shi kuma Rick daga can nesa ya fito, daga ɗakin caca, ya ratso tsakiyar jama'a da sauri cikin fushi, idonsa a kan Sam, bai ma lura da wadda ke zaune ba. Sam ya yi masa nuni da kai. Sai fuskar Rick ta cika allo, sai tata. Sam ya ɗora kujerarsa kan fiyano ya tura ya bar wurin. Abin da ke tsakaninsu an janye shi, saura su biyu da tazarar da ba wanda ya ƙetare. Kafin su ce wani abin kirki, Renault da Laszlo sun iso sun cike gurbin. Soyayyar tana cikin wannan tazarar ce, da kuma yadda ake ta cusa mutane a cikinta.

Akwai wani wuri kafin nan da nake so ka sake kallo. Rick ya shiga ofis da Renault don ya ɗauko faran dubu 20 da wani ya ci a caca. Kyamara ba ta bi shi zuwa akwatin kuɗin ba. Ta tsaya kan Renault yana magana, shi kuwa Rick inuwarsa kawai muke gani a bango, ƙatuwa, tana buɗe akwati tana ƙirga kuɗi. Hoto ɗaya, mutum biyu, ba a yanke ba, an kuma nuna maka cewa mutumin da Renault ke hira da shi ba ya sakin ainihin kansa. Curtiz yana son wannan dabara ta inuwa a bango, ya yi ta a wasu fina-finansa.

Sai daren da aka tashi, gidan ya zama kango, Rick yana zaune da kwalba cikin duhu. Fitilar hasumiyar filin jirgi tana kewayowa, ta share ɗakin ta wuce, ta sake dawowa. Tun farkon fim wannan fitila take sharar ƙofar gidan, irin yadda ake haska katangar gidan yari. Garin duka kurkuku ne ga masu jiran takardar fita. Daga fuskarsa hoton ya narke zuwa tunanin zamansa da Ilsa a Paris, inda hasken yake a buɗe, fuskoki ba inuwa, shi ma yana dariya. A ƙarshen zamansu na Paris hannun Ilsa ya ture kofi ya zube. Da aka dawo Kasabalanka, hannun Rick ma ya ture nasa. Sai ƙofa ta buɗe can a ƙuryar hoton, ga ta tsaye cikin farin mayafi, haske ya zagaye ta, ko'ina baƙi ƙirin. Ƙarama ce a hoton, amma ita kaɗai ce fari a ciki, ba inda ido zai je sai kanta.

Game da 'yan wasa, suna da baiwa ba shakka, sai dai an yi musu hidima. Bergman ta fi Bogart tsawo da kusan inci 2, saboda haka ana ɗora shi kan katako in suna tsaye, ko a sa masa matashi in suna zaune. Ita kuma an fi ɗaukarta ta gefen hagu, wanda ta fi so, da siririn ƙyalle a gaban gilashin kyamara don ya tausasa fuskar, da 'yar fitila da aka saita don ta sa ɗigon haske a ƙwayar idonta. Shi kuwa haskensa mai kaifi ne, sau da yawa rabin fuska a duhu. Ko da suna hoto ɗaya, ba haske ɗaya ke kansu ba.

Malamar Tarihi, Damagaram

Baba, Allah ya ƙara lafiya, na ƙaru da bayaninka. Ni ba ma'aikaciyar fim ba ce, tarihi nake koyarwa, amma ina so a bi wannan ƙa'ida taka har ƙarshenta. In dai inda aka tsayar da mutum magana ce, to a duba inda aka tsayar da mutanen Maroko.

Fim ɗin ya buɗe da taswira, an ja layi daga Paris zuwa Marseille, a ƙetare teku zuwa Oran, a gangaro Kasabalanka. Sai kyamara ta sauko daga kan hasumiyar masallaci zuwa kasuwa. Daga nan masu garin sun zama ado. Mai tsaron ƙofa ne, mai sayar da yadi ne yana ta rage farashi a gefen Ilsa, masu wucewa ne da jallabiya a bayan hoto. Jar dara da ta fi fitowa a fim ɗin ma a kan Bature take, Ferrari mai gidan Blue Parrot. Ba a taɓa matsar da kyamara kan fuskar Bamaroke an zauna a kanta yadda aka yi wa Ilsa ba. Kuma ba a je Maroko ba sam, a situdiyon Warner da ke Burbank ta jihar Kalifoniya aka gina titin da gidan.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne wurin gasar waƙa. Sojojin Jamus sun taru a lungu guda kewaye da fiyano suna rera tasu, Laszlo ya sauko daga bene ya tsaya gaban makaɗa, suka kalli Rick, ya gyaɗa kai, jama'a suka miƙe da taken Faransa har suka danne su. An tsara shi da kyau ƙwarai: Jamusawa a matse a ƙurya, sauran ɗakin duka a tsaye. Hawayen Yvonne, tsohuwar budurwar Rick, ma ba na aro ba ne, domin Madeleine Lebeau da ta fito a matsayin ta gudo ne daga Faransa a 1940 ita da mijinta Marcel Dalio, wanda shi ne mai kula da teburin caca a fim ɗin. Conrad Veidt da ya fito a Strasser ya bar Jamus tun 1933, matarsa Bayahudiya ce. Ina jin wannan duka a jikina. Amma ana rera waƙar 'yanci ne a ƙasar da Faransa ta mallake tun 1912, kuma masu ƙasar ba sa cikin hoton.

Mu nan rabuwar da Faransawa suka yi, tsakanin gwamnatin Vichy mai bin Jamus da 'yan De Gaulle masu yaƙar Jamus, ba labarin nesa ba ne. Nijar tana ƙarƙashin gwamna Pierre Boisson na Dakar, wanda ya bi Vichy har Nuwamba 1942, Nijeriya kuma tana hannun Ingila, sai iyakar da ke tsakanin Damagaram da Kano ta koma iyakar ɓangarori biyu na yaƙi. Cadi kuwa, gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata daga Guyana ta Faransa, ya bi De Gaulle tun Agusta 1940. Brazzaville da aka ambata a ƙarshen fim, inda Rick da Renault suke shirin nufa, ita ce hedikwatar Faransa mai 'yanci, kuma 'yan Afirka ne suka cika rundunar da ta tashi daga Cadi ta ci Kufra a 1941. Ɗan Kyamara, ka koyi dabarar, amma ka riƙa duba wa ka bari a bayan hoto.

Mai Fitila, Jos

Ni aikin haske nake yi, bari in sa baki a ɓangarena. Yallaɓai Ɗan Kyamara, kada ka kwafi hasken Bergman kai tsaye ka ɗora wa jarumarmu. An tsara shi ne don farar fata a fim baƙi-da-fari. Fatarmu tana maido da haske ne, ba ƙarfin fitila take buƙata ba, faɗinta take buƙata. Ka sa farin yadi babba tsakanin fitila da fuska, ka kawo shi kusa, daga gefe, za ka ga kumatu da goshi sun fito da sheƙi. In kana neman abin koyi a cikin fim ɗin, fuskar Sam za ka duba yadda take ɗaukar haske a gefen fiyano.

Abu biyu kam za ka iya ɗauka yadda suke. Na farko ɗigon haske a ido, 'yar ƙaramar fitila kusa da kyamara ta isa. Na biyu zanen inuwa. Ka lura da fitowar kasuwa, da ta ɗakin Rick na sama lokacin da Ilsa ta zo neman takardun fita daga garin da bindiga: inuwar taga da ta rumfa sun zana layuka a bango da jikin mutane kamar sandunan ƙarfe. Mu muna da asabari. Ka rataya shi gaban fitila ɗaya mai ƙarfi, ka kashe ƙwan silin, ka janye kujera daga jikin bango ko da taku uku ne. Ƙwan silin ɗin nan shi ke kashe mana hoto, yana wanke ɗaki duka da haske iri ɗaya, ba gaba ba baya.

Ɗan Kyamara, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, maganarki ta shige ni. Baba, saura fitowar ƙarshe ta filin jirgi, inda Rick ya sallami Ilsa da mijinta. Na ji an ce jirgin ma ba na gaske ba ne. Kuma me za ka ce kan batun Malama?

Tsohon Majigi, Kaduna

Malama ta faɗi gaskiya, ba ni da ja. Zan ma ƙara mata da Sam. Dooley Wilson yana cikin mutum uku kacal da aka haifa a Amurka daga 'yan wasan da aka rubuta sunayensu, sauran su ne Bogart da Joy Page. Makaɗin ganga ne, ba ya buga fiyano, wani ne yake bugawa shi yana bin sa da yatsu. A Paris an sa shi hoto ɗaya da masoyan, kofi a hannunsa, su uku. A tashar jirgin ƙasa, cikin ruwan sama, bayan tawadar wasiƙar bankwana ta Ilsa ta narke, shi ya ja Rick ya shigar da shi tarago. Mutumin da ya riƙe Rick a ranar da ta fi kowace muni, sai ga shi babu shi a filin jirgi, cinikin aikinsa kawai aka yi da Ferrari a bayan idonsa. Wannan ma shawara ce da wani ya yanke.

Jirgin kuwa, haka ne. Saukar Strasser a farkon fim a filin jirgin Van Nuys aka ɗauke ta, amma rabuwar ƙarshe a cikin situdiyo aka yi. Jirgin da kake hangowa a bayansu ƙaramin samfuri ne da aka ƙera, aka samo gajerun mutane aka sa musu kayan makanikai suna zagaya shi don ya yi girma a ido. Hazon da aka cika wurin da shi don ya rufe wannan ne. Sai ya yi wani aikin da ya fi haka: ya shafe garin, ya shafe jama'a da teburan da muka saba gani, ba abin da ya rage sai fuskoki da huluna.

Ka duba kayan Rick. Duk zamansa a gidan farar kwat yake sawa da dare. Nan kuwa ya koma doguwar rigar ruwa da malafa, irin shigar da ya yi a tashar Paris ranar da aka bar shi. Yau shi ne mai sallama. Lokacin da yake yi mata bayani, kyamara ta matso da sauri ta haɗa su a hoto ɗaya, bakin malafarsa da na tata sun kusa haɗuwa, inuwa ta rufe musu goshi, idanu kawai ke haske. Da ya juya wurin Laszlo, ita tana baya, ta ba su gefe tana share hawaye, maza biyu suna gaba. Sai farfelar jirgi ta tashi, aka bi fuskokin ukun ɗaya bayan ɗaya. Ta tako ta bar wurin da take, ta tsaya gefen mijinta. Wannan takun shi ne hukuncin fim ɗin. Dokar tace fina-finai ta Amurka a lokacin ba za ta bari matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba, kowa a kamfanin ya san haka, aikinsu shi ne su sa mai kallo ya yarda da ƙarshen, kuma da tsayuwar mutane suka yi shi.

An fara ɗauka ranar 25 ga Mayu 1942, aka gama a farkon Agusta. Sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka, yankin da Kasabalanka take, ranar 8 ga Nuwamba, kamfanin ya yi maza ya fitar da fim ɗin a New York ranar 26 ga watan. Ya ci kyautar Oscar uku, ta fim, ta darakta da ta rubutu. Edeson ya shiga takara bai ci ba.

In za ka zauna nazarinsa, ka nemi baƙi-da-fari na asali. Akwai wanda aka shafa wa kala a 1988, ka bar shi, domin kala ta cinye bambancin farar rigar Ilsa da duhun ɗakin. Kuma hoton kusan murabba'i ne, irin na tsohuwar talabijin, faɗi 4 tsawo 3. Wasu da ke yawo a intanet an ja su ko an datse sama da ƙasa don su cika allon waya, sai ka ga an yanke malafa, an yanke inuwar bango. Ka duba saitin na'urarka ka bar baƙin gefe biyun yadda yake, sannan ka riƙa tsayar da hoton kana zana inda kowa yake a takarda, da kibiya mai nuna ta inda fitila ta shigo.